Haɗa Rajistocin Shari'a Domin Kare Masu Laifi Daga Halaka Kansu: Misalin Gaya da Ajingi

Duk mutumin da ya shiga hannun hukuma yakan bar sawu a takarda. A ɗauki misalin saurayi daga wani ƙauye na ƙasar Ajingi wanda aka zarga da satar akuya ran kasuwa. 'Yan sanda za su rubuta sunansa a littafin caji ofis. Magatakardan kotu zai sake rubuta shi, ko a kotun majistare ko a ta shari'ar Musulunci. In bai sami mai tsaya masa beli ba, gandiroba zai shigar da shi rajistar gidan yari, a Wudil ko a birnin Kano. In ciwo ya kama shi, asibiti ya yanka masa kati. Littattafai huɗu ke nan a kan mutum guda, kowanne a ɗakinsa ya ke. To, idan bayan wata biyu da sakinsa wannan saurayi ya kashe kansa, babu ɗaya daga cikinsu da zai sami labari.

Ma'anar haɗa rajista

Haɗa rajista shi ne a tattaro abin da hukumomi dabam-dabam suka rubuta a kan mutum ɗaya, a jera shi bisa ga kwanan wata, har a ga hanyar da ya bi. Wani likita Ba'amurke, Halbert Dunn, shi ya bayyana wannan dabara a 1946. Ya kwatanta rayuwar mutum da littafi wanda haihuwa ce shafinsa na farko, mutuwa kuwa na ƙarshe, sauran shafuffukan suna warwatse a ofisoshi. Aikin mai bincike shi ne ya tsinto su ya ɗinke.

Abin da aka gano a wasu ƙasashe

Tun 1968 ƙasar Denmak ta ba kowane mazauninta lamba guda wadda a ke amfani da ita a kotu, da asibiti, da rajistar mutuwa. Da wannan lamba Roger Webb da abokan aikinsa suka bi sawun mutum 27,219 da suka kashe kansu tsakanin 1981 da 2006. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna fiye da sulusin mazan sun taɓa shiga hannun shari'a. Abin lura kuma, haɗarin bai tsaya ga waɗanda aka ɗaure ba, ya shafi har waɗanda aka ci tara da waɗanda kotu ta sallama ba tare da ta same su da laifi ba. Watau tuhumar kanta, da kunyar da ke biye da ita, nauyi ce.

A Ingila da Wales, Daniel Pratt da abokansa sun haɗa rajistar fursunonin da aka saki da ta mace-mace. Cikin mutum 244,988 da aka saki tsakanin 2000 da 2002, mutum 382 sun kashe kansu kafin su cika shekara a waje, 79 daga cikinsu a kwanaki 28 na farko. Ashe ranar da dangi ke murnar fitowar ɗansu ita ce mafarin lokaci mafi haɗari. Hukumar gidan yari ita kaɗai ba ta da hanyar sanin haka, domin da zarar mutum ya ƙetare ƙofa an rufe shafinsa.

Dalilin rarrabuwar littattafai a nan

A zamanin En'e, 'yan doka, da kotunan alƙalai, da gidan yari duk ƙarƙashin hukuma ɗaya su ke. A zamanin mulkin soja na Janar Yakubu Gowon aka raba su. Gidajen yari suka koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1968, 'yan doka suka narke cikin 'yan sandan Nijeriya, kotunan alƙalai kuwa suka koma hannun jihohi. Rajistar haihuwa da mutuwa dokar 1992 ta ɗora ta a kan Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Saboda haka saurayin Ajingi yana ratsa hukumomin tarayya da na jiha bi da bi, ko wacce da irin fom ɗinta.

Matsaloli uku

Ta farko ita ce suna. Wanda 'yan sanda suka rubuta Garba, kotu na iya rubuta shi Abubakar, gidan yari kuwa Habu. Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ne. Da yawa sukan ɗauki sunan garinsu, har a sami Musa Gaya goma a littafi guda. Shekaru kuma kintatarsu a kan yi. Masana biyu, Fellegi da Sunter, sun tsara a 1969 lissafin da a ke auna ko rubutu biyu na mutum ɗaya ne, ta hanyar gwama suna, da sunan uba, da ƙauye, da shekaru. Lambar ɗan ƙasa ta NIN za ta sauƙaƙa aikin in kowace hukuma ta riƙa rubuta ta.

Ta biyu ita ce rajistar mutuwa. A karkara a kan yi jana'iza a ranar da mutum ya rasu, galibi ba tare da takardar likita ba. Daɗin daɗawa, addinin Musulunci ya haramta wa mutum kashe kansa, don haka dangi sukan rufa asiri su ce gajeruwar rashin lafiya ce, gudun abin faɗa a kan zuriyarsu.

Ta uku ita ce doka. Sashe na 231 na dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara guda ba, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Wanda ya san maganarsa za ta jawo masa sabuwar tuhuma ba zai buɗe baki ga gandiroba ba. Ingila ta soke irin wannan doka a 1961, Ghana a 2023. A Nijeriya an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma a 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamitin neman cire wannan yunƙuri daga jerin laifuffuka.

Abin da za a iya yi

Gaya da Ajingi sun dace da gwaji. Maƙwabtan juna ne, mazaɓarsu ta Majalisar Wakilai ɗaya ce tare da Albasu, kuma dokar Jihar Kano ta 2024 ta sa su ƙarƙashin masarautar Gaya. Ginshiƙin doka ma akwai shi: dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta umarci a kafa rajistar laifuffuka ta tsakiya, ta kuma wajabta wa majistare ziyarar caji ofis kowane wata. Jihar Kano ta yi tata irin dokar a 2019.

Mataki na farko shi ne fom guda, mai lamba guda, wanda zai bi mutum daga caji ofis har ranar sakinsa. A ciki a tambaye shi ko ya taɓa yunƙurin halaka kansa, ko yana shan ƙwaya, ko yana karɓar magani a asibitin Dawanau. Na biyu, a sanar da ma'aikacin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ranar saki, domin ya ziyarci mutumin cikin watan farko, ya haɗa shi da Babban Asibitin Gaya in da bukata. Na uku, a jawo masu unguwanni, da dagatai, da limamai, domin ba a binne kowa a ƙauye ba da saninsu ba. Su ne za su iya cike shafin ƙarshe.

Sai dai akwai sharaɗi. Littafin da ya tara laifin mutum da ciwonsa wuri guda makami ne in ya faɗa hannun banza, yana iya hana shi aiki ko aure. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda a ke tsananta tsaronsu. Lalle ne a cire sunaye kafin a miƙa wa masu bincike, a bar lamba kurum, kuma kada abin da mutum ya faɗa wa likita ya zama shaida a kansa a kotu.

Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a su ke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wanda aka yanke wa ma, wata shida ko shekara alƙali ya ce, bai ce ransa ba. Magatakardan da ya rubuta sunan uba da na ƙauye daidai, da ɗalibin da zai zauna ya gwama littattafan nan, su ne za su nuna wa hukuma wane ne ke cikin haɗari, da kuma makon da ya kamata a je a yi masa sallama.