Kada A Bar Naƙasassu A Gida Ranar Biki

Maganarmu ta yau a kan 'yan'uwanmu naƙasassu ce, watau makafi da guragu da kurame da kutare, da yadda za a ba su wuri a taron biki.

In kaka ta yi a Jiga Birni da sauran garuruwan Aliero da Jega da Maiyama, aka kai gero rumbu, sai wasanni su tashi. Ga kokawa, ga dambe, ga bukukuwan aure. Waɗansu har Argungu su kan je kallon bikin kamun kifi, wanda aka fara tun 1934. Amma ku dubi taron da kyau. In an ga naƙasasshe, galibi a bakin hanya ya ke, ba a cikin 'yan kallo ba. Alhali kuwa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 1 cikin 6 yana da wata naƙasa. Wanda ya ga waɗanda a ke kawowa wurin masu ɗori a Aliero ya san mai ƙafa biyu yau ya kan kwana da sanda gobe.

Abu biyu ke tsare su a gida, tsoron da mutane ke yi musu, da rashin shirin wurin taro.

Mu fara da tsoro. Kuturta ƙwayar cuta ke kawo ta, tana kuwa warkewa da maganin wata 6 ko wata 12, kyauta a ke ba da shi. Da mutum ya fara sha, ya daina sa wa wani. Dungun yatsu tabo ne kawai. Gurgun da shan inna ta kama tun yana yaro ba ya sa wa kowa ita yanzu. Ɗigon riga-kafi ke tsare 'ya'yanku, ba gudun gurgu ba. Farfaɗiya ma ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓa jiki. In ta ka da wani a taro, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa tsumma ƙarƙashin kansa. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. In jijjigar ta tsaya, a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, a kai shi asibiti.

Sai shirin wuri. Wannan ba ya cin kuɗi da yawa.

Na farko, hanya. Keken gurgu ya kan kafe cikin rairayi, sai a daɓe masa hanya, a aza katako bisa kwata. Inda akwai dakali, a yi gangare: tsayin ƙafa 1 yana bukatar gangare mai tsawon ƙafa 12. Faɗin ƙofa kada ya gaza ƙafa 3.

Na biyu, wurin zama. A ware musu sahun gaba cikin inuwa, don wanda ke zaune ba ya hangen kome ta bayan wanda ke tsaye. Zabiya ma inuwa ya ke bukata, domin rana na jawo masa ciwon daji na fata. Ran hawan Salla a nisanta su daga inda dawaki ke sukuwa. A bar su su shiga kafin cunkoso, ruwan sha da masai kuma su kasance kusa.

Na uku, makafi. A kawar da turaku da igiyoyin rumfa daga hanya. Kada a karɓi kuɗin shiga daga ɗan jagora. Mai shela ya riƙa faɗin wanda ya shigo fage da wanda aka ka da, don makaho da kunne ya ke kallo.

Na huɗu, kurame. Shela ba ta kai gare su, sai a aika musu mutum. A zaunar da su inda za su ga fuskar mai magana, a sami wanda ya iya maganar hannu ya tsaya kusa da shi.

Kafin a shirya duk wannan, a nemi shawarar su kansu. Inda akwai sarkin makafi ko sarkin guragu, mai gari ya kira shi zaman shirin biki. A ba su fage kuma, ba kallo kaɗai ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne, ga shi har yau ana sauraronsa.

Ku sani kuma akwai doka. A watan Janairu 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar Tarayya da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, wa'adin ya cika a Janairu 2024. Mutumin da ya nuna bambancin, hukuncinsa tarar N100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu.

Saboda haka, in biki ya matso, ko wane mai gida ya tuna da naƙasasshen gidansa, ya tanadi wanda zai raka shi. Mai tambaya game da kuturta ko farfaɗiya ya ga malamin ɗakin shan magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.