Wasan Foka a Gidajen Amurkawa: Abin da Ya Kamata Mai Fassara Ya Sani

Gabatarwa

A ranar 28 ga Fabrairu, 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya gaya wa takwaransa na Yukiren, Volodymyr Zelensky, a gaban 'yan jarida cewa ba shi da katuna a hannu. Wanda ya fassara maganar kalma da kalma ya bar mai sauraro cikin duhu, domin abin nufi shi ne ba shi da ƙarfin da zai ja ciniki. Irin wannan magana daga teburin karta ta fito. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda abokai kan shirya gasar foka a gida a Amurka, sannan ta nuna amfanin sanin haka ga ɗalibin harshe.

Asalin Wasan

Foka ta bayyana ne a farkon ƙarni na 19 a yankin New Orleans, ta bazu ta jiragen ruwan kogin Mississippi. Da farko da kati 20 ake yin ta, daga baya aka koma 52. Nau'in da ya fi shahara a yau shi ne Texas Hold'em. An fara babbar gasarta ta duniya a Las Vegas a 1970. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker, wanda ya sami gurbin shiga ta intanet, ya lashe dala miliyan biyu da rabi. Nasararsa ta ƙara wa gasar gida farin jini matuƙa.

Yadda Ake Gasar Gida

Abokai shida zuwa goma kan taru a gidan ɗayansu da dare. Kowa zai biya kuɗin shiga daidai da na ɗan'uwansa, a ba shi kwabban roba masu launi, su ma daidai wa daida. Da waɗannan kwabbai ake wasan, ba da tsabar kuɗi ba.

Akan raba wa kowa kati biyu a rufe. Daga nan sai a buɗe biyar a tsakiyar tebur, uku da farko, sai ɗaya, sai kuma ɗaya, kuma kowa yana da haƙƙin amfani da su. Daga cikin bakwai ɗin nan ne mutum zai haɗa biyar mafiya daraja. Sau huɗu ake zagayen zubi, kuma duk wanda layi ya zo kansa ko dai ya wuce idan babu wanda ya zuba, ko ya biya abin da aka zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya janye.

A kowane rabo akwai mutum biyu da dole su zuba tun kafin su ga katinsu, kuma wannan zubi na dole kan ƙaru bayan kowane minti 15 ko 20, don kada a kwana ana abu ɗaya. Wanda kwabbansa suka ƙare ya fita ke nan, sai ya koma ɗan kallo. A ƙarshe mutum biyu ko uku na sama ne ke raba abin da aka tara. Masu wannan tsari kan ce yana kare zumunci, tunda asarar kowa ba ta wuce kuɗin shigarsa. Duk da haka, matuƙar an sa kuɗi sunan abin caca, wadda Musulunci ya haramta, kuma Bahaushe ya daɗe yana ƙyamar ɗan karta saboda ita.

Zubi a Matsayin Magana

Akwai hanyoyi 2,598,960 na haɗa kati biyar daga 52, amma huɗu kacal ne ke ba da haɗi mafi girma. Ma'ana, yawancin lokaci babu mai riƙe da abin kirki. Saboda haka wasan ya dogara ne kan abin da ka sa abokanka suka zata. Wanda ya zuba da yawa tamkar ya ce ne, "Na fi ku." Ko gaskiya ya faɗa, ko burga ce. Idan kowa ya tsorata ya janye, ya kwashe ba tare da ya nuna katinsa ba. Har masana John von Neumann da Oskar Morgenstern sun yi nazarin wannan burga a littafinsu na 1944 kan lissafin dabarun wasa.

Daga Tebur Zuwa Harshe

Daga nan ne Ingilishi ya sami maganganu da dama. "Poker face" fuska ce wadda ba ta tona abin da ke ciki, wato wadda ta ƙaryata karin maganar nan, labarin zuciya a tambayi fuska. "Call his bluff" na nufin a ƙure mai burga, a ce masa ga fili ga mai doki. "All in" shi ne tura dukkan kwabbai tsakiya, wato a yi ta ta ƙare. "Blue chip" kwabo ne shuɗi wanda a al'ada ya fi sauran daraja, shi ya sa ake kiran hannun jarin manyan kamfanoni da sunan.

Wadda ta fi kayar da ɗalibai ita ce rubutun da Shugaba Harry Truman, wanda ya yi mulki daga 1945 zuwa 1953, ya ajiye a teburinsa: "The buck stops here." Ƙamus zai ce "buck" dala ce ko namijin barewa. A foka kuwa alama ce da ake ajiyewa gaban wanda rabon kati ya hau kansa, wanda ba ya so sai ya miƙa ta gaba. Abin da Truman ke nufi shi ne, alhaki a wuyana yake.

Kammalawa

Ɗalibai 'yan'uwana, ba a ce mu koyi karta ba. Sai dai duk lokacin da muka ci karo da maganar da kalmominta suka ƙi haɗuwa, mu binciki sana'a ko wasan da ya haife ta, kamar yadda baƙo ba zai gane "ya sha ƙasa" ba sai ya san kokawa. Idan mun gano asalin, sai mu nemo maganar da Bahaushe ke yi a irin wannan hali.