Yadda tango ya sami masauki a Japan da Sin

A unguwannin bakin tashar jiragen ruwa na Buenos Aires da Montevideo aka haifi tango, amma abin kiɗan da ke ba shi murya, bandoniyon, daga Jamus ya fito. Akwati ne mai zugazugi a tsakiya irin na maƙeri, da maɓallai 71 a gefensa biyu, yawancinsu kuma sautin da suke bayarwa in an ja daban yake da na in an matsa. Koyonsa sai mai haƙuri, kuma wahalar nan tana cikin abin da ya sa Japan da Sin suka bi hanyoyi daban.

A Japan, ta Faransa kiɗan ya shigo. Wani ɗan sarauta, Tsunayoshi Megata, ya dawo Tokiyo daga Paris a 1926 da faya-fayen garmaho, ya shiga koya wa manyan gari rawar. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa tango rana: hukuma ta hana jaz don kiɗan abokan gaba ne, ta kuwa ƙyale tango, tunda Ajantina ba ta shiga yaƙin ba tukuna. Makaɗan da aka toshe wa hanyar abinci da dama suka koma can.

Bayan yaƙi, Shinpei Hayakawa ya kafa ƙungiyar Orquesta Típica Tokyo a 1947. Matarsa, Ranko Fujisawa, da Sifaniyanci take rera waƙa, har ta je Buenos Aires a 1953 ta yi wa masu abin waƙarsu, suka kuma yaba. Makaɗin tango Francisco Canaro ya ziyarci Japan a 1961, takwaransa Osvaldo Pugliese a 1965. Zuwa lokacin da Ryota Komatsu, haifaffen 1973, ya ɗauki bandoniyon, akwai masu sauraro da kunnensu ya riga ya goge. Shi kuma ya yaye ɗalibai irin su Kazuma Miura. Wannan yaye ɗalibai, a ganina, ya fi duk wata ziyarar baƙi nauyi.

Sin kuwa zarenta ya tsinke a tsakiya. An taka tango a gidajen rawa na Shanghai a shekarun 1930, Pugliese ma ya je ƙasar a 1959, amma juyin al'adu na zamanin Mao ya rufe ƙofa. Abin da ya bari shi ne ɗimbin gwanayen akodiyon, abin kiɗan taron ma'aikata da sojoji. Da sunan makaɗin tango Astor Piazzolla ya cika duniya a shekarun 1990, makaɗi Yo-Yo Ma ya fitar da faifan kiɗan Piazzolla a 1997, mai shirya fim Wong Kar-wai kuma ya sa kiɗan a fim ɗinsa Happy Together, ta akodiyon ɗin nan makaɗan Sin da dama suka fara taɓa kiɗan.

Samun bandoniyon ɗin kansa aiki ne. Waɗanda makaɗa suka fi so tsofaffi ne, ƙirar kamfanin Alfred Arnold ta kafin yaƙi, kuma masu saye daga Turai da Japan sun kwashe su har Ajantina ta kafa doka a 2009 ta hana fitar da tsofaffin daga ƙasar.