AUNA TIRELA DA KYAMARAR WAYAR SALULA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Apapa ko kasuwar Mile 12 a Legas ya ga yadda direban tirela ke shan fama idan zai ja da baya. Yaron mota na can baya yana dukan bodi yana cewa "zo, zo, tsaya!", shi kuwa direba ya leƙa wannan madubi ya leƙa wancan. A Turai da Amurka ma akwai wannan wahala, domin a can mutane da yawa kan ɗaura ƙaramar tirela a bayan motar gida ko a-kori-kura, su ɗauki doki ko kwalekwale ko kayan gona. Don haka masu ƙera motoci suka fito da na'urorin taimaka wa direba. Sai dai na'urar ba ta iya aiki sai ta san girman abin da take ja. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, da yadda kyamarar wayar salula ke iya yin wannan awo.

Me Ya Sa Awo Yake da Muhimmanci?

Idan mota na tafiya gaba, tirela kan bi ta a hankali kamar raƙumi da akala. Da zarar an sa ribas sai al'amari ya juya. Ƙaramar karkata kan yi ta ƙaruwa da kanta, kuma idan direba na son tirela ta yi dama, dole ya fara murza sitiyari hagu. In ya yi jinkiri, tirelar sai ta naɗe ta bugi gefen mota.

Saurin wannan naɗewa ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin maɗaurin tirela da tsakiyar tayoyinta. Gajeriyar tirela kan karkace nan da nan, doguwa kuwa tana ba direba lokaci. Haka kuma akwai wata kusurwa wadda in tirela ta wuce ta, ko an murza sitiyari har ƙarshe ba za ta miƙe ba sai an ja gaba, kuma gajeriyar tirela ta fi saurin kaiwa gare ta. Saboda haka idan aka gaya wa kwamfutar mota cewa tirela ta fi ainihin tsawonta, za ta bar ta ta karkace fiye da kima, ƙarshenta a yi ɓarna. In kuwa aka rage tsawon, sai ta hana direba shan kwanar da zai iya sha lafiya.

Kamfanin Volkswagen ya sa irin wannan na'ura a motarsa Passat a shekarar 2014, inda direba ke sarrafa tirela da maɓallin gyara madubi. Kamfanin Ford ya sa tasa a F-150 ƙirar 2016: direba na murza wani maɓalli zuwa inda yake son tirela ta nufa, mota kuma ta juya sitiyari da kanta. Amma kafin nan sai mai mota ya liƙa wata takarda mai zanen dara a wuyan tirela, ya ɗauki tef ya yi awo huɗu, ya shigar da su cikin kwamfutar motar. A nan ne kuskure ke shigowa, domin ba kowa ne gwanin awo ba. Wannan ya sa aka fara tunanin wayar da ke aljihun kowa.

Yadda Hoto Ke Zama Awo

Tushen wannan ilimi tsoho ne. Hasan Ibnul Haisam, malamin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske na tafiya a miƙe, kuma idan ya ratsa ƙaramar kafa zuwa ɗaki mai duhu sai ya zana surar abin da ke waje. Kyamara ɗaki ce mai duhu a ƙanƙance. Hoton da take ɗauka tarin ƙananan ɗigogi ne, kuma ana iya ƙirga su.

Hanya ta farko ita ce a sa abin da aka san girmansa cikin hoton. A misali, an jingina sanda mai tsawon mita 1 a jikin tirela, aka ɗauki hoto daga gefe. Sandar ta cinye ɗigo 500, tazarar maɗauri zuwa tsakiyar taya kuma ta cinye ɗigo 1,900. Raba 1,900 da 500, ka sami mita 3.8. A madadin sanda, manhaja na iya amfani da abin da girmansa sananne ne, kamar ƙwallon maɗaurin tirela, wanda a Turai kaurinsa milimita 50 ne, ko kuwa taya, wadda ake rubuta lambobin girmanta a jikinta.

Hanya ta biyu ita ce motsi. Mai karatu ya miƙa babban yatsansa, ya rufe ido ɗaya, sannan ya sauya. Zai ga yatsan ya yi tsalle, alhali bangon da ke nesa bai gusa sosai ba. Da irin wannan bambanci ƙwaƙwalwa ke gane nisa. Idan mai waya ya zagaya tirela yana ɗaukar bidiyo, manhaja kan bi wasu alamomi, kamar kan kusa ko kusurwar bodi, daga hoto zuwa hoto. A cikin wayar kuma akwai na'urori masu jin motsi da juyi, su ne ke faɗa mata nisan da ta gusa. Da an haɗa biyun sai lissafin alwatika ya fitar da tsawo da faɗi da tsayi. A kan wannan dabara aka gina manhajar Measure da kamfanin Apple ya fitar a 2018.

Hanya ta uku ita ce hasken leza. Tun daga iPhone 12 Pro na shekarar 2020, wasu wayoyi na ɗauke da na'urar LiDAR, wadda ke harba haske ta ƙirga lokacin dawowarsa. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa daga abin da ke nisan mita 3 bai wuce kashi 20 cikin biliyan na daƙiƙa ba. Sai dai ƙarfin ta waya bai wuce kamar mita 5 ba.

Bayan an gama, ana tura sakamakon zuwa kwamfutar mota ta Bluetooth ko intanet, ko direba ya shigar da hannu. Tsawon kan yi amfani wajen ja da baya da gargaɗin motar da ta ɓuya a gefen tirela, tsayin kuma wajen kauce wa gada mai ƙasa-ƙasa.

Inda Gizo Ke Saƙar

Mu koma ga misalin sanda. Idan mai hoto na nisan mita 6 daga tirela, amma aka ajiye sandar mita 1 kusa da shi, za ta cinye ɗigo 600 maimakon 500. Lissafi sai ya ba da kusan mita 3.17, an yi asarar fiye da santimita 60 ke nan. Haka nan idan an ɗauki hoto a karkace, ɓangaren da ke nesa kan ƙanƙance. Gilashin kyamara mai faɗin gani yana lanƙwasa layukan da ke bakin hoto. Bodi fari fes ko mai ƙyalli kan rikita manhaja domin ba ta samun alamar da za ta kama, duhu da ƙura ma haka.

Saboda haka mai awo ya tsayar da mota da tirela a miƙe a wuri mai baje, ya goge gilashin kyamara, ya tsaya daidai tsakiyar gefen tirela, ya tabbata abin gwajin na manne da jikinta. Ya maimaita sau biyu ko uku, sannan ya gwada awo ɗaya da tef.

Kammalawa

Mun ga cewa na'urar taimakon direba na dogara ne da awon da aka ba ta, kuma waya na iya samar da shi ta hanyar abin gwaji, ko motsi, ko hasken leza. Duk da haka burki da totur suna ƙafar direba, alhakin abin da ke bayan tirela kuma yana wuyansa. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani: kafin a sa ribas, a sauka a duba baya.