Masu Ƙera Mota Don Sha'awa: Da Me Suke Cin Abinci?

Kowa ya san yaran nan da ke haɗa motar kara ko ta gwangwani, su ɗaura mata zare suna ja a bakin hanya. To, a wasu ƙasashe, musamman Ingila da Amurka, akwai magidanta waɗanda har suka girma wannan sha'awa ba ta sake su ba. Sai dai su tasu motar ta ƙarfe ce, mai inji da giya da birki, wadda za a shiga a tuƙa a kan titi. Ba kamfani ya sa su ba, ba kuma wani ne ya ba su kwangila ba. Mutum zai shige ɗan ɗakin ajiye mota na gidansa, ya yi shekara biyu ko uku yana yanke-yanke da walda, har ran da zai ba ta wuta ta tashi.

Duk wanda ya ji wannan labari, abin da yakan fara tambaya shi ne: to, su da me suke cin abinci? Tambaya ce mai ma'ana, domin wannan aiki ba ya kawo ko kwabo, ci ma yake yi. Ƙarfe kuɗi ne, taya kuɗi ce, fenti da wayoyin lantarki da na'urar walda duk kuɗi ne. Galibi idan aka sayar da motar a ƙarshe, abin da za a samu ba zai biya wahalar da aka sha ba. Saboda haka mai wannan sha'awa dole ya kasance da sana'ar da ke riƙe da gidansa. Da rana yana wurin neman abinci, da dare da ranakun hutu yana gindin motarsa.

Ma'aikacin lantarki da ya fasa bango

Shi kansa Henry Ford, wanda motocin Ford ke ɗauke da sunansa, da haka ya fara. Ɗan manomi ne, an haife shi cikin 1863 a jihar Michigan ta Amurka. Cikin 1891 ya kama aiki a kamfanin wutar lantarki na Edison da ke birnin Detroit, zuwa 1893 ya zama babban injiniya. Albashin nan shi ne jarinsa. Idan ya tashi daga aiki sai ya shiga wani ɗan ɗakin bulo a bayan gidan da yake haya, yana haɗa wata ƴar mota mai tayoyin keke huɗu da inji mai silinda biyu. Giyarta biyu ce, duk na gaba, ba ta da ribas.

Ran 4 ga Yuni, 1896, da ya gama, sai ya ga ashe motar ta fi ƙofar ɗakin faɗi. Gatari ya ɗauko ya fasa gefen ƙofar, sannan aka fitar da ita. Daga baya ya sayar da ita dala 200, ya zuba kuɗin cikin ta biyu. Abin lura a nan shi ne bai saki aikin lantarki ba sai cikin 1899, wato shekara uku bayan motar farko ta yi tafiya. Duk da wannan taka-tsantsan, kamfanin mota na farko da ya shiga rushewa ya yi cikin 1901. Sai a 1903 aka kafa wanda ya tsaya da ƙafarsa.

Ƙungiyar masu tsofaffin motoci

Inda wannan sha'awa ta fi yin saiwa ita ce Ingila. Dalili kuwa shi ne wata ƙaramar mota mai araha, Austin 7, wadda aka daina ƙerawa cikin 1939. Injinta ƙarami ne, awonsa bai cika 750 ba a ma'aunin girman inji, shi ya sa da masu sonta suka kafa ƙungiya a shekarar nan ta 1939 suka raɗa mata suna 750 Motor Club. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sabuwar mota ta yi wuyar samu, tsofaffin Austin 7 kuwa ga su nan a arha. Sai matasa suka riƙa saye, su yar da tsohon bodi, su ƙera nasu mara nauyi, su je gasar tsere ran Asabar ko Lahadi.

Idan aka duba sana'o'in ƴan wannan ƙungiya, abin zai ba mai karatu mamaki. Holland Birkett, wanda ya shugabance ta, likitan dabbobi ne. Arthur Mallock manjo ne na soja. Eric Broadley aikinsa lissafin kayan gini da ƙiyasin kuɗin da za a kashe. Shi Broadley ya haɗa motarsa ta farko ne da taimakon wani ɗan'uwansa, ta yi ta cin gasa cikin 1957, mutane suka fara cewa ya yi musu irin wadda ya ƙera bayanta. Cikin 1958 ya buɗe kamfanin Lola. Bayan shekara biyar kamfanin Ford da kansa ya nemi taimakonsa wajen ƙera motar tsere mai suna GT40.

Amma wanda ya fi kowa suna a cikinsu shi ne Colin Chapman. Yana ɗalibin injiniya a jami'a a Landan yana taɓa dillancin tsofaffin motoci. Cikin 1947 gwamnati ta tsuke rabon man fetur, kasuwar ta mutu, aka bar shi da wata tsohuwar Austin 7 da ta ƙi sayuwa. Maimakon ya yar, sai ya kai ta garejin iyayen budurwarsa Hazel, su biyu suka sāke mata fasali cikin 1948. Ita ce Lotus ta farko. Da ya gama karatu ya ɗan taɓa aikin sojan sama, sannan ya samu aiki a wani kamfanin alminiyom.

Cikin 1952 ya buɗe ƙaramin kamfaninsa a wani tsohon bargar dawaki da ke bayan otal ɗin da mahaifinsa ke gudanarwa a unguwar Hornsey. Hazel ce ta ba da rancen fam 25. Duk da haka, kullum da safe Chapman yakan tafi aikinsa na albashi, sai dare ya dawo kan motoci. Masu taya shi ma haka suke: da yawansu ma'aikatan kamfanin jiragen sama na de Havilland ne, suna zuwa bayan sun tashi aiki, don sha'awa kawai. Sai wajen farkon 1955 ya ajiye aikin alminiyom ɗin. Daga 1963 zuwa 1978 motocin Lotus sun ci kambun duniya na kamfanoni sau 7 a babbar gasar tsere ta Formula 1.

Ba a Landan kaɗai ake wannan ba. A karkarar Suffolk akwai wasu ƴan'uwa huɗu, ƴan gidan Walklett, waɗanda sana'arsu aikin ƙarfe na kayan gona da rumfuna. Ɗayansu ya haɗa mota daga wata tsohuwa don wasa, daga nan aka samu kamfanin Ginetta cikin 1958. A yankin Wales kuwa wani mahauci ne, Giles Smith, ya haɗu da wani Bajamushe mai suna Bernard Friese, wanda yaƙi ya kawo shi ƙasar a matsayin fursuna. A bayan shagon nama suka ƙera motarsu cikin 1959, suka haɗa farkon sunayensu suka kira ta Gilbern.

Kowa da abin da ya kawo daga sana'arsa

Sana'ar rana ba kuɗi kaɗai take bayarwa ba. Idan aka ƙura wa motocin nan ido, sai a ga hannun sana'ar mai su a jikinsu. Chapman ya karanta yadda ake lissafin nauyin da ƙarfe zai iya ɗauka, don haka ƙashin motarsa siraran bututu ne da aka harhaɗa kusurwa uku-uku, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Frank Costin mutumin jiragen sama ne, ya san yadda ake manna sassan katako su yi ƙarfi kamar ƙarfe. Da suka kafa kamfanin Marcos shi da Jem Marsh cikin 1959, da falankin katako ya yi ƙashin motar, kuma ta yi tsere ta ci.

Haka labarin Bruce Meyers na jihar Kalifoniya. Tsohon sojan ruwa ne, maƙerin ƙananan jiragen ruwa. A wurin aikinsa ya saba da faiba, wato zaren gilashi da ake shimfiɗawa a cikin mazubi a shafe da wani irin danƙo, in ya bushe ya yi tauri. Cikin 1964 ya yi wa wata ƴar mota bodi da faiba, ya sa mata inji da ƙafafun Volkswagen Beetle, ƙaramar motar nan mai ƙusumbi mai inji a baya. Don yawo cikin rairayin bakin teku ya yi ta, ya sa mata suna Manx.

A nan ne ya kamata mai sha'awa ya buɗe kunne. Motar ta karɓu ƙwarai, Meyers ya mai da ita sana'a, ya sayar da dubbai. Amma bodin faiba ba shi da wuyar kwaikwayo: ka sayi ɗaya, ka yi mazubi a kansa, shi ke nan. Masu kwaikwayo suka cika kasuwa. Ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba, cikin 1971 kamfaninsa ya rufe. Iya ƙira daban, iya kasuwa daban. Su Ford da Chapman da ake ta ambato ƴan ƙalilan ne da abin ya yi wa kyau. Mafi yawan masu wannan sha'awa ba su taɓa barin aikinsu ba, ba su ma yi niyyar bari ba, kuma ba za a ce sun yi wauta ba.

Yadda haraji ya raya abin, ya kuma karya shi

Akwai wani dalili da ya sa ma'aikata masu matsakaicin albashi suka shiga haɗa mota a Ingila. A wancan zamani sabuwar mota tana da haraji mai nauyi a kanta, amma idan a wargaje aka saye ta, sassa-sassa, mutum ya haɗa da hannunsa, babu wannan haraji. Sai ƙananan kamfanoni suka riƙa sayar da mota a cikin akwatuna. Lotus Seven, wadda ta fito cikin 1957, haka aka fi sayenta. Malamin makaranta ko akawu ya kira abokansa biyu, su kwashi sifana su duƙufa.

Cikin Afrilu 1973 aka kawo sabon harajin sayen kaya wanda bai bar sassa a baya ba, rangwamen ya ƙare. Kamfanin Gilbern bai daɗe ba bayan haka ya durƙushe. A shekarar ce kuma Lotus ya sayar wa kamfanin Caterham izinin ci gaba da ƙera Seven.

Bayan haka sai masu ƙaramin ƙarfi suka koma ga tsohuwar dabara, wato a samo motar da ta ruɓe a jiki amma injinta na da rai, a cire inji da giya da birki da sitiyari a sa wa sabuwa. Cikin 1996 wani mai koyar da kanikanci a makarantar Oundle, Ron Champion, ya fitar da littafi mai zane da awo, yana nuna yadda mutum zai yanka bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai faɗin inci ɗaya, ya yi waldar ƙashin mota da kansa, ya ɗora masa kayan tsohuwar Ford Escort. A bangon littafin an ce fam 250 za su iya isa. Wannan lissafi na wanda ya riga ya mallaki kayan aiki ne, kuma ya iya tsintar kaya a bola. Saura sun kashe ninkin haka sau da yawa. Duk da haka littafin ya bazu ƙasashe, motar da ake kira Locost ta samu mabiya har a wajen Turai.

Kafin a hau titi

Motar da aka haɗa a bayan gida rai za ta ɗauka, kuma cikin mutane za ta bi. Waldar da ba ta kama ba, ko bututun birki da aka ɗaura a inda zai goge, ba ruwansu da cewa mai motar likita ne ko injiniya. Shi ya sa tun daga 1998 hukuma a Ingila take gwada irin waɗannan motoci ɗaya bayan ɗaya kafin a ba su lamba, cikin 2009 kuma aka sabunta tsarin gwajin. Jami'in zai auna ƙarfin birki a kowace ƙafa, ya duba fitilu da madubai, ya duba inda aka ɗaure bel ɗin kujera, ya auna hayaƙi da ƙarar salansa, ya tabbata agogon gudu ba ya nuna ƙasa da gaskiya. Har gefunan ƙarfe yake bi da ma'auni, kada a samu kaifin da zai yanki mai tafiya a ƙasa in an yi karo.

Wanda motarsa ta faɗi, sai a ba shi takardar abubuwan da zai gyara, ya koma gida, ya sake biyan kuɗi ya dawo. Wanda ta ci, sai ya kai takardun sayen kayansa wurin masu ba da lamba. Idan sassan sun fito daga motoci barkatai har ba a iya tantance shekarun motar ba, lambar da za a ba shi da harafin Q za ta fara, yadda duk mai son saye nan gaba zai gane tun daga nesa.