Me Ke Raya Kamfani, Me Ke Kashe Shi?

Kamfani kamar gandu yake. Masu shi su ne waɗanda suka zuba jari. Su ke naɗa darektoci, darektoci kuma su sa ido a kan manaja. Duk shekara akan kira mai binciken kuɗi daga waje ya duba lissafi.

Akwai kuma haƙƙin mutane a wuyan kamfani: albashi a kan kari, fansho, da kyautata wa jama'ar gari.

Ga misali daga Kaduna. A 1966 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa jaridar New Nigerian, mai ofis a titin Ahmadu Bello. Kamfaninta ya riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1975, ta mayar wa jihohin Arewa 19 a 2006. Bashin albashi ya taru, ma'aikata suka shiga yajin aiki, daga baya injin buga jaridun ya tsaya.

Wannan darasi ne ga ƙungiyoyin manoma. A rubuta kowane kwabo, a karanta lissafi a gaban kowa, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.