Maciji Mai Caki

A hamadar Sonora, wadda ta ratsa jihar Arizona ta Amurka har cikin Meziko, akwai macijin da ba kasafai yake sari-ka-noƙe ba. Idan an matsa masa sai ya nannaɗe, ya ɗaga wutsiya, ya kaɗa cakin da ke ƙarshenta. Babu tsakuwa a cikin cakin nan. Busassun ɓawo ne, irin abin da farce yake, suna gogar juna. Duk saɓar da ya yi sai ɓawo ɗaya ya ƙaru, har wasu ke ƙirga su don sanin shekarunsa. Lissafin banza ne, don yakan yi saɓa fiye da sau ɗaya a shekara, tsofaffin kuma suna karyewa.

A nahiyar Amurka kaɗai ake samun danginsa, Arizona kuwa tana da iri 13. Tsakanin idonsa da hancinsa akwai ɗan rami da yake jin ɗumin jiki da shi, don haka duhun dare ba ya ɓoye masa ɓera. Dafin yawancinsu yana ruɓar da tsoka, ya hana jini daskarewa. Na hamadar Mohabi kuwa, wasunsu jijiyoyi suke kamawa har numfashi ya gagara.

Kada dai a saki jiki da gargaɗin. Ɗan da aka haifa jiya (haihuwa suke yi, ba ƙwai ba) ɓawo ɗaya gare shi, ba ya ƙara, amma da dafinsa ya zo duniya. Babban ma idan an taka shi ba shiri, ba ya tsayawa kiɗa.

Bahaushe kan ce an kashe maciji ba a sare kansa ba, wato aiki bai kammala ba. To, a nan ko an sare kan da sauran magana, domin yankakken kai yana iya sarar hannun da ya ɗauke shi bayan awa guda. 'Yan ƙabilar Hopi ta Arizona kuwa ba kisa ne ya dame su ba. A bikinsu na roƙon ruwa sukan yi rawa da shi a baki, sannan su sake shi a daji a matsayin ɗan aike. Gardin garinmu zai so ganin wannan.

A Amurka macizai masu dafi suna sarar mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara, amma kimanin 5 ne ke mutuwa. Ba sauƙin dafi ba ne, kusancin asibiti ne da allurar kashe dafi. Kububuwarmu ma tana gargaɗi, tana goga jikinta ya yi ƙara, amma manoman da ake kaiwa asibitin Kaltungo a jihar Gombe sukan iso a makare. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a nufi asibiti nan take.